Ba Sanyi Ba Ne, Rifkatu

Samaru, Zariya.

Zuwa ga 'yata Rifkatu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ya kai motarku Jos ko faci ba ku yi ba, ya haɗa ki da maƙwabtan kirki da shugabar makaranta mai haƙuri, ya tsare ki daga mugun mutum da direba mai gyangyaɗi. Na cusa takardar a ƙasan jakarki, ƙarƙashin garin kunu, don na san sai yunwa ta kama ki za ki tono ta. Lokacin kin yi nisa, ba ki da halin juyowa ki yi min faɗa.

Za ki ce me ya hana ni gaya miki da baki. Kin san babanki. Da na buɗe baki wasa ke riga magana fitowa, ki yi dariya, in yi dariya, a tashi ba a faɗi komai ba. Biro kuwa ba ya dariya. Na naɗe shi da ƙyalle ya yi kauri yadda yatsuna za su iya riƙewa. In kin ga rubutun kamar tafiyar tsutsa, rabi laifin yatsun ne, rabi kuma na sakandaren da na bari a aji biyu. Ke malama ce yanzu, amma kar ki ɗauko jan biro.

Bari in fara da ƙafata, tunda har yau ba ki gama hucewa ba. Ranar da kika je Jos ganawar neman aikin nan, na tashi ƙafafuna kamar na aro su wurin wani. Na ce yau zan yi maganin sanyin nan tunda 'yar sandar gidan ba ta nan. Na ɗora ruwa a risho har ya tafasa, na juye a baho, na sirka da ruwan randa ɗan kaɗan, don a ganina sirki rage wa magani ƙarfi ne. Na zuba gishiri da citta kamar mai haɗa farfesu, na tsoma ƙafar dama. Ban ji komai ba. Na ce ashe ruwan ma rago ne, na ƙara da sauran na tukunya. Ina zaune ina bin waƙa a rediyo sai ga Malam Isiyaku, maƙwabcinmu, ya yi sallama. Ya ga tururi na tashi, ya sa yatsa a bahon, ya fizge yana yarfewa. Ya dube ni ya ce, “Yohanna, kai da wa za ku ci wannan ƙafar?” Sauran kin sani, ke kika yi ta wanke bororon kina tsaki.

Abin da ban gaya miki ba shi ne ba ƙunar ce ta tsorata ni ba. Rashin jin ta ne. Ni da iska in ta taɓa min yatsun hannu sai in ji kamar an soka min allura, ga ƙafata ana dafa ta ba ta ko aiko min da saƙo ba. Kuma ciwo ɗaya ne ya yi duka biyun. To ki riƙe wannan: ruwan zafi da gwiwar hannu ake gwada shi. In kuma wani wuri a jikinki ya daina ba ki labari, kar ki ce kin samu sauƙi.

Abin kunyar shi ne na yi wannan shirme bayan likita ta daɗe da gaya min ciwona ba sanyi ba ne. Kalmar ce ta riga likita zama a kaina, da shekaru masu yawa. A kanta nake son mu yi magana.

Kina firamare abin ya fara. Lokacin shagona na layin teloli a kasuwar Sabon Gari yana ci, ɗinkin zumuntar matan coci kaɗai ya ishe ni. Sai na riƙa tashi da safe yatsuna a sandare. In sa su cikin almakashi su ƙi shiga, sai rana ta ɗaga sosai su saki. Hannu biyun, gaɓoɓi iri ɗaya, kamar sun yi shawara. Na nuna wa mutanen layi, kuma kin san a kasuwa kowa likita ne. Duk bakinsu ɗaya: sanyi ne. A garin nan kalmar sanyi buhu ce, komai zubawa ake yi a ciki. Ciwon baya sanyi, ciwon mara sanyi, gwiwa sanyi, mace ta daɗe ba ta haihu ba sanyi. Ni kuma na yi lissafina na ɗan aji biyu, na ce abokin gābar sanyi ai zafi ne. Na shiga shan citta da masoro da kanumfari har gumina ya koma yaji. Na daina shan ruwan randa. Na sa rigar sanyi a tsakiyar bazara, har yaran kasuwa na tambaya ko daga Turai na dawo. Na je wurin wanzami ya kafa min ƙaho a gwiwa. Na hana kunna fanka a ɗaki, mamanki, Allah ya ba ta hutawa, ta yi bazara nawa tana fifita da murfin kwano.

Ita ce ma ta fara ganewa. Wata rana tana shafa min man zafi ta tsaya, ta riƙe wuyan hannuna, ta ce wannan sanyin nawa ya fi goshin mai zazzaɓi zafi, ko ba zan je asibiti a duba ba. Na ce mata ba ta yi karatu ba. Ni da na bar makaranta a aji biyu nake gaya wa wadda ta gama sakandare da lambar yabo. Ta ci gaba da shafawa.

Don haka ki ji, sunan da kasuwa ta raɗa wa ciwo ba shi ne sunansa ba. Kuma in wanda yake ƙaunarki ya taɓa ki ya ce wurin nan da zafi, ki yarda da hannunsa.

Wautata ta biyu haɗin ƙwayoyi ne. Akwai wani mai kemis a bayan layinmu, Oga Chidi, shi ya fara ƙulla min a leda: ja, rawaya, da wasu ƙanana farare. Rifkatu, ranar da na fara sha na ɗauka an yi min mu'ujiza. Yatsu suka saki, na taka keke har dare, na gama ɗinkin Kirsimeti na karɓi na Sallah. Daga sha in ciwo ya tashi, na koma sha kafin ya tashi, daga nan na koma sha don kar ya yi tunanin tashi. Fuskata ta yi zagaye kamar faifai, tumbi ya fito. A coci ana ta yi min barka, wai Tela ya samu hutu. Har na ƙara wa wandunana faɗi ina alfahari.

Gaskiya Chidi bai cuce ni ba. Shi da kansa ya gaji ya ce, “Oga Tela, wannan magani ba tuwo ba ne, ka je asibiti.” Na ce ashe shi ma bai son ciniki. Na hau mashin na tafi Muchiya, wurin wanda bai san ni ba. Sai daga baya na ji abin da ƙwayoyin nan suke yi in mutum ya daɗe a kansu ba mai lura da shi: suna ta da hawan jini, suna tara ruwa a jiki, suna gajiyar da ƙoda, su ƙara wa zuciya kaya. Ƙibar da ake taya ni murnarta, maganin ne da kumburi. Ciwon kuma yana nan yana cin gaɓoɓina, bakinsa kawai na toshe.

Kar ki sha abin da aka ƙulla a leda ba suna. In kuma har kin riga kin fara, don na ga wata leda a aljihun jakar makarantarki ban ce komai ba, kar ki yanke shi rana ɗaya da kanki, akwai irin da ba a yi masa haka. Ki ɗauke shi ki kai wa likita ya gani, ko da zai yi miki faɗa. Faɗan likita ba ya kumbura fuska.

Abu na uku shi ne wanda ya fi yi min nauyin rubutawa. Ciwon da ya daɗe yana canza mutum, ba gaɓoɓi kaɗai yake lanƙwasawa ba. Barci ya zama min guntu-guntu. Ina zaune lafiya sai gabana ya faɗi ba dalili, zuciya ta kama gudu kamar na hau tsauni alhali ko zare ban ɗaga ba. In miƙe tsaye jiri ya kwashe ni. Ƙarar janareton maƙwabci ta zama kamar a cikin kaina ake kunna shi. Na koma mutum mai faɗa. Mace ta kawo ɗinki ta ce a rage hannu, in ce ta je ta rage nata. A ƙungiyar mawaƙan coci na yi rigima da mai koyar da mu a kan waƙar da ni ne na ɓata ta, na yi fushi na daina zuwa, ina jiran a zo a ba ni haƙuri. Har yau ina jira. Mutane suka ce Tela ya cika zuciya. Ba su san sun faɗi gaskiya ta hanya biyu ba. Bencin ƙofar shagona da a da ba a samun wurin zama, ya koma wurin kwanan kyanwa. Isiyaku kaɗai ya rage min, shi ma ina zargin don kunnensa ɗaya ba ya ji ne, kuma kullum ta wannan ɓangaren yake ba ni.

Wata Lahadi a coci ana addu'a aka ce kowa ya riƙe hannun na kusa da shi. Mamanki ta ɗora hannunta a kan nawa. Ɗorawa kawai ta yi, ko matsawa ba ta yi ba. Na ji kamar an ɗora min dutsen guga. Na fizge na ce mata wani abu da ƙarfi, har na bencin gaba suka waiwayo. Ko a gida ba ta tayar da maganar ba. Amma daga ranar ba ta sake kama hannuna ba, sai in za ta shafa min magani, shi ma sai ta tambaya. Ni kuma girman kai ya hana ni cewa ba ita ba ce, fatar ce. Ban ma san yadda zan faɗa ba, don ni kaina ban gane yadda taɓawa take zama ƙuna ba. Ta rasu kafin in samu wanda ya bayyana min. Yanzu ina da bayanin, cikakke, daga bakin likita, ba ni da wadda zan kai wa.

In ciwo ya sa kin yi wa wani tsawa, ki koma a ranar ki ce masa ciwo ne. Kar ki jira sai kin samu kalmomi masu kyau.

Ranar da aka kai ni asibitin Shika kina aji uku a jami'a, an kira ki kin zo kin same ni a gado, amma farkon abin ba ki sani ba, don na ba ki shi a taƙaice kuma na ƙara gishiri inda zai ba ki dariya. Na sauko daga napep da ƙunshin yadi, ban kai shago ba na ji kamar an ɗora min buhun masara a ƙirji. Gumi ya karyo, ciwo ya bi ta kafaɗar hagu ya hau har muƙamuƙi. Kin san abin da babanki ya ce? Na ce oho, yau sanyin ya gaji da yatsu ya hau sama. Na zauna a bakin shago na ɓalle riga ina goga man zafi a ƙirji. Mutumin da ya saba da ciwo kullum, in wani sabo ya zo sai ya ɗauka ɗan gida ne. Chidi ne ya zo wucewa ya ga fuskata. Mutumin da na ƙaurace wa shago shekara da shekaru. Bai ko gaishe ni ba, ya tare napep ya tura ni ciki, ya kira Isiyaku a hanya.

Bayan na farfaɗo, aka turo min wata likita, ba ta girme ki da yawa ba. Ta kama hannuwana tana juyawa, ta tambaye ni tun yaushe yatsun suka karkace haka, wa ke duba ni. Na ce ai sanyi ne, kuma ba don shi aka kawo ni ba, don zuciya ne, kar ta haɗa min layi biyu. Ta ja kujera ta zauna.

“Baba, layi ɗaya ne,” in ji ta. “Kuma ba sanyi ba ne. Wuta ce.”

Zan faɗa miki yadda na gane, in na yi kuskure ki gyara a zuciyarki. Ta ce jiki yana da sojojin da suke yaƙar cuta. A ciwo irin nawa sojojin ne suke rikicewa su far wa gaɓoɓin mai gida, shi ne kumburin da zafin. Kuma faɗan ba a gaɓoɓi yake tsayawa ba. Abin da yake hura kumburin yana bin jini ya zaga ko'ina, shekara da shekaru, yana ɓata cikin jijiyoyi, su yi tauri, su ƙuntata, har wata rana wadda take ciyar da zuciya ta toshe. Shi ya sa mai irin ciwon nan ya fi sa'anninsa haɗarin ciwon zuciya, ko da ba shi da ƙiba. Ni kuma na taimaka da haɗi, da hawan jinin da ban taɓa aunawa ba, da sigarin da nake ɓuya ina sha a bayan shago, wanda kowa a layin ya sani har da fasto.

Sai ta ce ciwon ya taɓa min jijiyoyin ƙafa ma. Na ce likita tsaya, wace jijiyar kuma, ba yanzu kika gama da jijiya ba? Ta yi dariya ta ce Hausa ce ta haɗa su a suna ɗaya, amma iri biyu ne. Akwai masu kai jini, kamar bututun famfo. Akwai masu kai saƙo tsakanin jiki da ƙwaƙwalwa, kamar wayar lantarki. Na ce to wanne ciwon ya ci? Ta ce duka. Kumburin wuyan hannu yana danne wayar da take bi ta wurin, shi ya sa allura take faɗuwa daga yatsuna ban sani ba. Na ƙafa kuma sun lalace, wani lokaci su yi ta raɗaɗi ba dalili, wani lokaci su yi tsit. Sannan in ciwo ya yi shekaru yana danna ƙararrawa, ƙararrawar takan maƙale. Ƙwaƙwalwa ta koma jin ƙaramin abu kamar babba, har taɓawa ta zama zafi. Jiki kuma ya zauna kullum kamar na wanda kare ya biyo: zuciya na gudu, jijiyoyin jini a ɗaure, barci ya ƙi, rai ya yi ta ɓaci. Ta ce wannan zaman ɗar-ɗar ɗin ma kansa yana gajiyar da zuciya.

Da ta zo kan maganar taɓawa na juyar da fuska wajen bango. Ta ɗauka barci nake ji.

Na tambaye ta da na zo da wuri fa. Ba ta ɓoye min ba. Ta ce akwai magungunan da suke kwantar da sojojin, ba toshe bakin ciwo kawai ba, kuma in an fara su tun farko, kafin gaɓoɓi su lalace, mutane da yawa suna ci gaba da sana'arsu, zuciyarsu ma ta samu sauƙin kaya. Wanda ya karkace ya karkace, amma za a tare sauran. Su nake sha yanzu, kin sani, ke kike tsare ni da su kamar mai karɓar haraji.

To Rifkatu, duk wannan doguwar hanyar da na bi, wurinki nake zuwa.

Tela ba ya iya kallon mutum bai auna shi ba. Tun damina nake kallon ki. Da safe da hannu biyu kike riƙe kofin shayi. Wankin da kika saba yi da sassafe kin mayar da shi yamma, kuma ba kya matsewa, a igiya kike bari ya tsane. Famfon tsakar gida da wuyan hannu kike murɗa shi. Zoben mamanki ya bar yatsanki ya koma sarƙar wuya, kika ce yayi ne. Ran nan na tambaye ki, ina yi kamar ban damu ba. Kika yarfe hannu, kika karkata kai, kika yi dariya kika ce, “Sanyi ne kawai, Baba.”

Dariyata ce. Har karkata kan nawa ne. Ina zaune a gabanki, sai na ce to Allah ya sawwaƙe, na ƙara da wani wasa a kan cewa tsufa ya kama ki kafin aure. Kika shiga ɗaki, ni kuma na zauna ina kallon hannuwana har shayina ya huce. Wasu iyayen, gida suke bar wa 'ya'yansu, wasu gona. Ni na koya wa tawa yadda ake yi wa ciwo dariya.

Ni ba likita ba ne, ɗazun nan na ba ki labarin yadda na dafa ƙafata. Mai yiwuwa ba komai ba ne, alli ne da yawan rubutu. Da na je asibiti wancan watan na yi wa likitar nan tambaya a kaikaice, wai 'yar wani abokina. Ta dube ni ta ce 'yar abokin nawa ta je a duba ta, kar ta jira. Ta ce ciwon yakan bi dangi amma ba dole ba ne, ya fi kama mata, kuma watannin farko su ne masu tsada. Ta kuma ce in gaishe da abokin nawa, in ce masa ya daina wasa da shan maganinsa.

Abin da yake hana ni sukuni shi ne garin da za ki. Da Sakkwato aka tura ki da na ɗan samu natsuwa. Jos kuwa, inda kowa yake yawo da hular sanyi, duk wanda kika nuna wa yatsunki zai ce sabon zuwa ne, za ki saba. Mai gidan haya za ta ce sanyi, malaman makarantarku za su ce sanyi, a coci a kawo miki citta. Da kyakkyawar zuciya za su faɗa, kamar yadda mutanen layinmu suka faɗa min. Ke ma za ki so ki yarda, don yarda ta fi bin layin asibiti sauƙi.

Ga abin da nake roƙon ki. Kar ki jira albashin farko, kar ki jira hutu. Ki je babban asibiti ki ce kina son ganin likitan gaɓoɓi. Ki gaya masa yatsun sukan daɗe a sandare da safe, ki faɗi tsawon lokacin da gaske, kar ki rage. Ki ce hannu biyun ne. Ki ce babanki yana da shi har ya taɓa masa zuciya da jijiyoyi, iri biyun. A gwada jininki, a auna hawan jini. In ya ce ya jiki, kar ki ce da sauƙi, ba gaisuwa yake yi ba. In kina rashin barci, ko gabanki na faɗuwa, ko kin ga kina kuka ba dalili, shi ma ki faɗa, duk cikin ciwon ne, ba rashin bangaskiya ba ne. In an ɗora ki a kan magani, kuma akwai wata maganar aure da ba a gaya min ba tukuna, ki gaya wa likita, don wasu magungunan ba sa jituwa da juna biyu. Iyakar abin da zan iya faɗa ke nan a kan wannan, mamanki ce ya kamata ta faɗa. Ki riƙa tafiya da ƙafa, kar ki kwanta wa ciwon. Nauyi a ƙirji kuwa, ko haki ba dalili, ba a shafa masa mai, asibiti ake tafiya a lokacin.

Kar kuma ki ce za ki bar aikin ki dawo saboda ni. Ba zan yi miki ƙarya ba, gidan zai yi girma. Tun yanzu da kike haɗa kaya na fara jin sa. Da yamma ɗalibai suna wucewa ta ƙofar gida suna surutunsu rabi Hausa rabi Turanci, nakan ɗaga kai in ji ko da muryarki, alhali kina ɗaki. Zan ci gaba da ɗagawa, na sani. Zan yi gardama da rediyo, zan ba Isiyaku labarin da na ba shi jiya, shi kuma ya juyo min kunnen da ba ya ji. Wannan kaɗaicin ni na ɗinka shi da hannuna, daidai jikina, zan iya sawa. Wanda ba zan iya ɗauka ba shi ne in ga naki hannun ya zama irin nawa, ki kori mutanenki ɗaya bayan ɗaya, ki zo shekaruna kina rubuta wa wani irin wannan takarda.

Ubangiji ya kiyaye fitarki da shigarki. Ya tsare ki a hanya, a aji, da ɗakin da za ki kwana ke kaɗai. Ya ba ki likita mai sauraro, ya ba ki bakin faɗin gaskiya a gabansa. Ya sa in duk tsorona banza ne, ki dawo Kirsimeti ki yi min dariya har ki gaji. Amin.

Saura bashi ɗaya. Kin yi ta tambaya me nake ɓoyewa a ƙarƙashin keke duk watan nan. Kwat ce nake ɗinka miki, ta sanyin Jos, sanyin gaske. Yadin ulu ne ruwan toka, na yi mata shafi da zanen zumuntar mamanki. Na so in sa ta a jakar nan, ban gama ba. Jikin ya haɗu, hannuwa sun zauna, wuya ya yi kyau har na yi mamakin kaina. Gaban ne ya rage. Na sayo ƙananan maɓallai masu kyau, irin waɗanda kike so, na jera su a kan yadin, sai na tsaya. Na san abin da ƙaramin maɓalli yake yi wa mutum da safe in yatsu sun ƙi. Na koma kasuwa na sayo zif mai babban kai. Yanzu duka biyun suna kan keke, ban san wanda zan sa ba, kuma ba zan yi ka-cici-ka-cici da hannunki ba.

Ki je a duba ki, ki kira ni ki gaya min abin da aka ce, yadda aka faɗe shi. Ranar zan zauna in gama, in ba direban Jos ya kawo miki. Kafin nan kwat ɗinki tana nan a buɗe, kuma an ce sanyin garinku ba ya jira.

Ni ne babanki,
Yohanna Tela.